Yadda Delbert Ya Wanke Harsasan Gari

Duk garin Tamarack Flat babu wanda ya kai Delbert Hoskins sanin komai, in dai a bakinsa ka ji labarin. Ni kuwa ba a bakinsa kaɗai nake ji ba. Sunana Wendell, ƙanwata Loretta yake aure shekara ashirin da shida ke nan, kuma kantina na abincin dabbobi yana kallon ƙofar gidansa, don haka duk abin da ya ɓata ni nake fara gani. Shi ne ya gyara agogon coci har ya koma buga sha uku. Shi ne ya yi wa karensa aski, karen ya yi mako biyu bai fito daga ƙarƙashin mota ba.

A garinmu, mace da namiji, kowa da hannunsa yake ɗura harsashinsa. Kwanson da aka harba muna tara shi a bokiti ɗaya a filin harbi, kowa ya ɗiba. Kawunan harsashi kuma duk a kantina ake saye. Abin da ya bambanta shi ne awon albarushi, kowa da nasa, shi ya sa in ka gama ɗuri sai ka ɗiga launi da alƙalamin maka a gindin kwanson don ka gane kayanka. Nawa shuɗi ne. Doka ɗaya muka tashi da ita: ba ka harba ɗurin wani, ko da ubanka ne ya ɗura. Mai tsare wannan doka a fili shi ne Kawu Orval, tsoho mai hula ruwan lemo. Hular ta koɗe, gumi ya ci bakinta, amma in mai ita ya ɗaga hannu ko fasto sai ya ajiye bindiga. Shekara goma Delbert yana mafarkin hular nan.

Wata safiyar Litinin muna shan kofi a shagon Verna Tuttle, Kawu Orval ya ajiye kofinsa ya ce idonsa ya fara gajiya. Ranar Asabar, wajen gasar harbi ta cin talotalo da muke yi kafin bikin godiya, zai miƙa hular ga wanda ya ga ya dace.

Delbert ya gyara zama, ya shafa kansa kamar mai auna girmansa.

Merle Gaskin, wani ƙato mai saran itace, ya ce, "Rufe baki, Delbert, yawunka na ɗiga a kofi."

"Yawun me? Ni da na san harsashi tun ina rarrafe? Ku tambaye ni komai."

"To ga tambaya," in ji Merle. "Injin goge kwanso. A sa ɗurarren harsashi a ciki, ko kar a sa?"

Wannan gardama ta girmi rabin mutanen da ke shagon. Injin dai kowa yana da shi, wata 'yar roba ce mai murfi, ka zuba niƙaƙƙiyar totuwar masara, ka zuba kwanson da babu komai a cikinsa, ka kunna, ta yi ta kakkarwa har kwanson ya yi haske. To amma wanda aka riga aka ɗura fa? Wasu suka ce girgiza za ta farfasa albarushi ya canja hali. Wasu suka ce kan wani zai daki gindin wani, sai dai a tsinci rufin gidanka a gonar maƙwabci. Merle ya ce shi ya ji a masana'anta ma haka suke yi, amma bai taɓa gwadawa ba, don yana son yatsunsa.

Aka juya ga Kawu Orval. Ya ce, "Ni ban sani ba. Abin da ban sani ba kuwa, ba na kunna shi."

Delbert ya doki tebur. "Ai shi ke nan! Garin nan ya daɗe yana jiran mai ilimi. Gobe da hantsi zan raba gardamar nan, kuma tsaye zan yi kusa da injin, hannuna a aljihu."

Verna ta ce, "Ka biya kofinka tun yau, don Allah."

Washegari Delbert ya shigo kantina ya sayi buhun totuwa, ya kuma ari wayar wuta. Ba guda ɗaya ba, guda huɗu. Na tambaye shi me mai tsayawa kusa da inji zai yi da waya huɗu, ya ce kimiyya ce, ba zan gane ba. Na leƙa ta taga na ga kimiyyar. Ya zuba totuwa da ɗurarrun harsasai a injin, ya ɗora shi a kan benci can ƙarshen filin gidansa, ya jona wayoyin har bayan damin ciyawa, ya tsuguna a wurin, tukunyar miyar Loretta a kife a kansa.

Ya kunna. Injin ya fara kakkarwa. Abin da Delbert ya manta shi ne, injin nan in ba a danne shi ba tafiya yake yi. Ya taka a hankali har bakin benci, ya leƙa ƙasa, ya faɗo. Murfi ya yi gefe, totuwa ta watse, kajin Loretta goma sha biyu suka taho a guje kamar an kira su biki. Injin kuwa bai mutu ba, yana kwance a gefensa yana zagaya fili yana aman harsasai, kaji na tsalle a kansa.

Delbert ya leƙo ta ƙarƙashin tukunya yana ihu, "Ku kauce! Za ku mutu! Kaji, ku kauce!"

Daidai lokacin Merle ya zo wucewa a tsohuwar a-kori-kurarsa, salansarta ta yi tari, fau! Ban taɓa sanin surukina ya iya tashi sama ba sai ran nan. Ya tsallake damin ciyawa, ya faɗa cikin kwamin shayar da doki, tsundum, tukunyar kaɗai ke yawo a saman ruwa.

Loretta ta fito da ludayi a hannu. In ta kira shi da cikakken sunansa, to ranar ba ta yi kyau ba.

"Delbert Hoskins! Ina tukunyata?"

Ya ɗago kai yana furzar da ruwa. "Ina raye?"

"Kana raye tukuna. Ina tukunyata?"

Merle ya tsaya a bakin shinge yana dariya har yana riƙe ciki. "Hannu a aljihu, ko? Aljihun doki ka shiga?"

Abin haushin shi ne, da aka tsince harsasan daga cikin kaji, waɗanda suka daɗe a injin sun yi kyau ƙwarai. Delbert ya sake gwadawa da bulo a kan murfi, ya kai su fili ya harba biyar, duka suka tashi lafiya. Daga nan fa gari ya shiga uku. Ya jera guda shida a aljihun gaban rigarsa suna ƙyalli, ya bi gida gida. Ya ce wa matar fasto kwamin ruwan nan da gangan ya shiga, yana gwada hanyar tsira ce don amfanin jama'a.

Ranar Laraba ya zo shagon Verna da babban shirinsa. Gasar talotalo kowa da bindiga iri ɗaya yake shiga, wadda ake kira talatin-talatin, haka aka gada. Delbert ya ce bana duk wanda zai yi harbi ya kawo harsasansa, zai goge su kyauta, don baƙin da ke zuwa daga wasu garuruwa su san Tamarack Flat ta waye.

Verna ta ce, "Nawa kore ne, kuma sassauƙan ɗuri ne. Bindigar kakana ta haura shekara ɗari, kafaɗata ma ba ta da nisa da haka. In na Merle ya shiga cikinta, ni da ita sai a kwashe mu a faranti."

"Nawa ja ne," in ji Merle da alfahari. "Harbin alfadari. Barewa ma in ta ji ƙararsa faɗuwa take yi don ladabi."

Delbert ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu. "Na kowa daban zan goge. Akwati ya shiga, akwati ya fito. Ni fa mutum ne mai tsari."

Ƙyalli mugun abu ne. Mutum tara muka ba shi, har da ni, kuma ina jin kunyar faɗa. Kawu Orval kaɗai ya ce nasa sun saba da dauɗarsu.

Mai tsari bai fara aiki ba sai Juma'a da rana, don Alhamis ya tafi aski, wai kada hular ta same shi da gashi a hargitse. Akwatin farko bai gama ba injin ya yi hayaƙi ya mutu, don faɗuwar ranar Talata ta taɓa shi. Bayan minti goma na ji ihun ƙanwata daga ɗakin wanki. Na tsallaka titi na same shi durƙushe gaban injin busar da tufafi, akwatin Merle a hannu, ita kuma tana tsaye da tsintsiya.

"Juyawa yake yi, Loretta, ai duk juyawa ce!"

"Da zafi yake juyawa, mai ilimi! Zanen gadona ne a ciki!"

"Sai in kashe zafin."

"Sai in kashe ka. Wendell, fitar min da shi."

Na fitar da shi. A bakin ƙofa idonsa ya faɗa kan injin kwaɓa simintin da nake bayarwa haya, yana ajiye a gefen kantina. Na ga fuskarsa ta yi haske.

Na ce, "A'a."

"Wendell, ɗan'uwana. Duka a tashi ɗaya, minti ashirin. A fili, gaban jama'a, gaban Kawu Orval."

"Ka yi alkawarin na kowa daban."

"To me aka yi launi dominsa? Ja na Merle, kore na Verna, shuɗi naka. A juye a tamfol, kowa ya tsinci nasa. Ko jaririn da ya san launi zai ware su."

Na juya maganar a kaina, na rasa inda ta karkace. Wannan laifina ne, kuma Loretta ba ta bar ni na manta ba.

Asabar ta waye da sanyi da rana mai kyau. Mutane sun cika fili, mata sun jera kek ɗin kabewa a dogon tebur, ga kyautar gasa a keji, wani ƙaton talotalo mai mugun kallo da yara suka sa wa suna Gwamna. Sai ga Delbert ya shigo yana jan injin siminti a bayan motarsa, yana danna oda, sanye da farar riga da sabon aski.

Ya hau bayan mota ya yi jawabi. Ya ce tsoro shi ne ya hana garin nan ci gaba. Ya zuba buhu biyu na totuwa. Ya ɗauki akwatuna tara ya juye su ɗaya bayan ɗaya. Verna na can tana yanka kek, ba ta gani ba. Kawu Orval kuwa ya tafi duba allunan harbi a ƙarshen fili, kuma tsoho ba ya sauri. Sannan Delbert ya zaro galan daga ƙarƙashin kujera.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Tinar fenti. Sirrin masana. Murfi ɗaya ake sawa a ƙaramin inji don ya cire maiƙo, to ka lissafa na babba." Ya tuttula rabin galan.

Ya tayar da inji. Ƙarar da ta fito kamar an zuba cokulan gari duka a cikin ganga an gangaro da ita daga dutse. Kafin ka ƙifta ido fili ya zama wayam. Fasto yana bayan motar coci yana addu'a da ƙarfi. Merle, mai harbin alfadari, ya kwanta a cikin kwata ya rufe kansa da murfin kula. Wata tsohuwa ta gudu da kek biyu, ta bar mijinta.

Delbert ya so gudu, na gan shi, ƙafarsa ɗaya har ta juya. Amma ya hango hula ruwan lemo tana tahowa, sai ya jawo kujera ya zauna dab da injin, ya ɗauki yankan kek. Sau biyu ya kai cokali kunnensa maimakon bakinsa.

Ya yi ihu, "Ku fito! Lafiya lau! Ni ko gezau!"

Merle ya amsa daga kwata, "To me ya sa gwiwoyinka ke tafi?"

"Kiɗan injin nake bi!"

Kawu Orval ya iso yana haki, ya ɗaga hannu. Delbert ya kashe inji da saurin da ya nuna ya daɗe yana jiran a ce ya kashe. Babu abin da ya fashe. Mutane suka fara leƙowa ɗaya ɗaya.

Delbert ya shimfiɗa tamfol, ya karkata bakin injin. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Harsashi ɗari tara suka zubo cikin rana suna walƙiya, har sai ka kare ido. Wani ya fara tafi, saura suka ɗauka. Baƙi suna ɗaukar hoto. Delbert ya hau tsakiyar tamfol ya buɗe hannuwa, ya ɗan sunkuyar da kansa wajen Kawu Orval, don kada tsoho ya wahala wajen ɗora hula. Na rantse na ga hannun Kawu Orval ya tashi ya taɓa bakin hular.

Sai Verna ta matso tana goge hannu a gyalen girkinta. Ta sunkuya ta ɗauki guda, ta juya gindinsa. Ta ɗauki wani. Ta ɗauki na uku.

"Delbert, ina nawa?"

"Masu kore, Verna, tsinci abinki."

"Nuna min kore ɗaya."

Ya sunkuya yana murmushi. Ya juya guda, ya juya biyar, ya kwashi cikin hannu ya juya. Murmushin ya tsaya a fuskarsa, amma babu kowa a bayansa. Tinar fenti da totuwa sun yi aikinsu da gaskiya. Babu ja, babu kore, babu shuɗi. Gindi ɗari tara, kowanne fes kamar ranar da aka ƙera shi.

Merle ya fito daga kwata. "Ina jajayena?"

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Delbert. "Masani ba ya buƙatar launi." Ya kai guda kunnensa ya girgiza. "Wannan na Merle ne, yana da kauri a murya."

"Harsashin ne ke da murya?"

Ya shinshina wani. "Wannan na Wendell ne."

Na ce, "Warin me na yi?"

Wani baƙo ya ce a duba tambarin gindi. Aka gaya masa daga bokiti ɗaya muke ɗiba. Wani ya ce a auna a sikeli. Kawu Orval ya girgiza kai, ya ce kwanso da kwanso ma nauyinsu ba ɗaya ba ne, sikeli ba zai rantse maka da abin da ke ciki ba.

Delbert ya ga hular tana nisa da shi, sai ya ƙara murya. Ya zaɓi guda ya ɗaga sama. "Wannan na Verna ne, na sa wuyana! Ku ji sauƙinsa. Da hannu ɗaya zan harba shi, kamar mai nuna tsuntsu."

Kawu Orval ya ɗaga hannu. "Delbert, ajiye."

Mutumin da ke neman hular tsare doka bai ko waiwaya ba. Ya ɗura a tasa bindigar, wadda Allah ya sa sabuwa ce mai ƙarfi, ya juya wajen alluna, ya riƙe ta sakwa-sakwa da hannu ɗaya, yana tsaye a kan harsashi ɗari tara masu santsi.

Na Merle ne.

Bindiga ta yi sama, ƙafafunsa suka yi gaba, sauran jikinsa ya yi baya. Ya yi gudu a wuri ɗaya kamar mai taka garwashi, harsasai na gangarawa ƙarƙashinsa, sannan ya tafi da baya ya zauna a tsakiyar teburin kek. Tebur ya karye, ƙarshensa ya daki keji, ƙofa ta buɗe. Gwamna ya fito, ya dubi jama'a, ya dubi mutumin da ke kwance cikin kabewa da garin totuwa tun daga sabon aski har takalmi, ya yanke shawara. Sau uku suka zagaya injin siminti, Delbert a gaba yana kiran Loretta, Gwamna a baya yana karɓar rabonsa.

Merle ya share hawaye ya ce, "Na gane shi! Nawa ne wannan! Saura ɗari takwas da casa'in da tara, ci gaba!"

Da ƙura ta lafa, Kawu Orval ya ce bana babu harbi, karon farko a shekara arba'in da ɗaya. Dariya ta tsaya, don wannan ya yi mana ciwo, har ni. Ya ce ba wanda zai taɓa ko guda a tarin nan. Delbert zai kwashe su, ya sa kowanne a gudumar cire kai, ya buga a kututture har ya rabu, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa kowa kwanso da kai.

Delbert ya tashi zaune, kabewa na ɗiga daga kunnensa. "Amma Kawu, bai fashe ba. Ka faɗa wa jama'a, bai fashe ba."

"Bai fashe ba," in ji Kawu Orval. Ya cire hular, ya wuce ta gaban Delbert, kusa har Delbert ya miƙo kai, ya ɗora ta a kan Verna. "Mutum ɗari suna tafi, ita kaɗai ta juya gindin."

Verna ta gyara zamanta a kan furfurarta, ta ɗaga hannu don gwaji. Fili ya yi tsit, ban da Delbert da ya tsinci cokali yana lasar kabewa. Ta ce, "Delbert, ajiye cokalin nan ma." Ya ajiye.

Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba. Shekara goma yana jira, ga shi zaune a ƙasa yana kallon hular a kan mai sayar masa da kofi. Loretta ma ta gani. Ta je mota ta dawo da tukunyar miya, wadda ta loɓa tun ranar kwami, ta kifa masa a ka a hankali, ta ce, "Tashi mu je gida. Wannan dai na ga ta zauna maka daidai."

Yanzu dusar ƙanƙara ta rufe gari, kuma tun safe nake jin sa daga kantina, ƙwan, ƙwan, ƙwan, a kan kututture. Jiya wani baƙo ya tsaya sayen abincin kare, ya tambayi me ake bugawa a tsallaken titi. Kafin in buɗe baki Delbert ya leƙo ta kan shinge, guduma a hannu, ya ce, "Ni ne, maigida. Duk faɗin yankin nan ni kaɗai aka amince wa da harsasan gari gaba ɗaya." Ya koma ya ɗauki na ɗari huɗu da sha biyu.